Game Boy da Game Gear: Yadda ake gano matsalar wuta ba tare da an ƙona na'urar ba

A shagon kamfanin Nintendo da ke birnin New York na Amurka, an shafe shekaru ana baje kolin wata na'urar wasan bidiyo ta Game Boy da wuta ta babbake. Robar jikinta ta narke ta yi baƙi ƙirin, sakamakon wani harin bam a lokacin yaƙin Tekun Fasha na 1991. Duk da haka, an riƙa kunna ta tana nuna wasan Tetris.

Sai dai abin da bam ya kasa yi wa waccan na'ura, batura huɗu da aka manta a cikin durowa sun yi wa 'yan uwanta masu yawa.

Na'urorin wasa na hannu da suka yi tashe a ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990 yanzu sun haura shekara 30 a duniya. Da yawansu idan aka zaƙulo su daga akwati, ko aka saye su a cikin kayan gwanjo, ko motsi ba sa yi. Mafi yawan lokuta kuma ƙwaƙwalwarsu lafiyarta ƙalau. Wuta ce ba ta isa gare ta, ko kuma tana isa ba yadda ya kamata ba.

A nan ne haɗarin yake. Mutumin da ya ga na'ura ta ƙi kamawa, abu na farko da ke zo masa a rai shi ne ya nemo wata adafta ya jona ya gani. Wannan gwaji na daƙiƙa biyu shi ne kan mayar da gyaran da bai taka kara ya karya ba ya koma asarar da ba ta da magani.

Me ya sa ake taka-tsantsan da su?

Nintendo ya fitar da Game Boy a Japan ranar 21 ga Afrilun 1989, ƙarƙashin jagorancin injiniya Gunpei Yokoi. Gilashinta ba shi da launi, ba shi da fitila, don haka batura huɗu ƙirar AA kan kai ta sa'o'i 15 ko fiye. An sayar da Game Boy da ƙanwarta Game Boy Color fiye da miliyan 118.

A shekarar ce kuma kamfanin Atari ya fito da Lynx mai launi. Sega ya biyo baya da Game Gear a watan Oktoban 1990, ita ma mai launi da fitila a bayan gilashi. Su biyun nan batura shida suke ɗauka, kuma Game Gear kan shanye nata cikin sa'o'i uku zuwa biyar. Wannan cin batir na cikin dalilan da suka sa cinikinta ya tsaya a miliyan 10 da ɗoriya.

An daɗe da daina ƙera dukkansu. Ƙananan kayan cikinsu irin su fiyus da kafasita da dayod har yanzu ana samun sababbi a kasuwa da araha. Amma manyan IC ɗin da ke zaman ƙwaƙwalwarsu, don su kaɗai aka ƙera su, kuma babu masana'antar da ke yin su yanzu. Idan ɗaya ya ƙone, sai dai a ciro daga wata na'urar da ta mutu.

Saboda haka ƙa'idar farko ta wannan gyara ita ce, a auna kafin a kunna, kuma a bi hanyar wutar daga bakin ƙofa zuwa ƙurya, ba tare da tsallake ba.

Hanyar da wuta ke bi

Kusan duk na'urorin tsarinsu ɗaya ne. Wuta na tasowa daga batura ko daga adafta, ta ratsa ta ramin da ake soka adaftar, ta bi ta makunni, a wasu ƙirar ta bi ta fiyus, sannan ta isa sashen da ke daidaita ƙarfinta.

Aikin wannan sashe shi ne ya karɓi abin da batura suka kawo ya mayar da shi daidai da abin da kowane ɓangare ke buƙata. A Game Boy ta asali, batura huɗu na bayar da bolt 6. Wani ɗan ƙaramin fanel ne ke mayar da shi bolt 5 domin ƙwaƙwalwa, ya kuma samar da kimanin bolt 19 na negatif domin gilashi. A Game Gear kuwa, batura shida na bayar da bolt 9, fanel ɗin wutarta ya fitar da bolt 5 da kuma kusan bolt 34.

Wanda ya riƙe waɗannan alƙaluma, ya kuma mallaki mitar gwajin wuta, ya ci rabin aikin. Abin da ya rage shi ne ya bi tasha-tasha, ya gano wurin ƙarshe da wuta ta kai da kuma wurin farko da ta ɓace. Tsakanin waɗannan wurare biyu matsalar take.

Ɗakin batir

Da an buɗe murfin baya, galibi za a tarar da wani farin gari ko kore-kore ya daskare a kan sifirin da ƙarafan da batura ke taɓawa. Ruwan batir ne da ya tsiyaye ya ci ƙarfen. Ko ɗan kaɗan ne a kan ƙarfe ɗaya ya isa ya katse wutar gaba ɗaya, tunda baturan a jere suke, kowane na miƙa wa na gaba.

Kafin a wanke, yana da kyau a san irin batir ɗin da ya yi ɓarnar, domin maganin ya bambanta.

Baturan da aka rubuta Alkaline a jikinsu ruwansu dangin toka ne, don haka da ruwan khal ake kashe kaifinsa. Za a ga yana kumfa idan an ɗiga. Amma batura masu araha na zinki da gawayi, irin waɗanda aka saba sa wa rediyo da tocila, ruwansu mai tsami ne. Su kuwa garin bekin soda da aka dama da ruwa kaɗan ne ya dace da su.

A kowane hali, an fi so a zare ƙarafan daga jikin robar a wanke su daban, a goge da tsohon buroshin haƙori, a ɗauraye da sifirit ɗin goge fanel, a bari su bushe sarai. Kada a bar khal ya kwana a kan ƙarfe, domin shi ma ci yake yi. Idan sifirin ya rube har yana karyewa, babu abin da wanki zai yi masa, sai sabo. A kuma kiyaye ido da fatar hannu, don wannan gari yana ƙuna.

Daga nan sai a sa sababbin batura a auna a bakin wayoyin da ke shiga fanel, ba a jikin baturan kaɗai ba. Batir da ya raunana yana iya nuna bolt 1.5 a mita idan ba ya ɗauke da kaya, amma da an murɗa makunni sai ya zube. Shi ya sa ake auna shi sau biyu, kafin kunnawa da kuma lokacin da na'urar ke jan wuta. Masu amfani da baturan caji su tuna cewa kowane ɗaya bolt 1.2 yake bayarwa, don haka huɗu za su nuna kusan 4.8, shida kuma 7.2, kuma wannan ba alamar lalacewa ba ce.

Adafta: inda aka fi yin asara

Shigar kan adafta cikin rami ba ya nufin ita ce ta dace. Abubuwa uku ake dubawa: ƙarfin wutar da take karɓa daga soket, ƙarfin da take fitarwa, da kuma ɓangaren da fozitif yake a kanta.

Na farko ya shafi masu saye a Najeriya da Nijar kai tsaye. Wutar gida a Japan bolt 100 ce, a Amurka kuma 120, alhali a ƙasashen nan tana tsakanin 220 da 240. Tsofaffin adaftoci masu nauyi ba kamar cajar waya ta zamani ba ne da ke karɓar kowace irin wuta. Idan aka jona ta Amurka ko ta Japan a soket ɗin Kano ko Maraɗi ba tare da na'urar rage ƙarfin wuta ba, za ta fitar da kusan ninkin abin da aka ƙera ta ta fitar kafin ta ƙone, kuma tana iya tafiya da na'urar wasan. Waɗanda aka yi wa kasuwar Ingila da sauran Turai ba su da wannan matsala.

Na uku kuwa shi ne tarkon da ya fi kama mutane. Yawancin adaftocin da ke yawo a gidaje yanzu, fozitif ɗinsu a tsakiyar kai yake. Amma Game Boy ta asali bolt 6 take so, kuma negatif a tsakiya. Game Gear ma ta raba ƙafa: wadda aka sayar a Japan da Turai negatif ne a tsakiya, wadda aka sayar a Amurka kuma fozitif ne, da kai mai girma daban. Wato na'urori biyu masu suna ɗaya da kama ɗaya, adaftar wannan ba ta wancan ba ce.

Akwai ɗan zane a jikin adafta, wani lokaci da kusa da ramin na'urar, mai nuna alamar + da − da kuma wadda ke tsakiya. A karanta shi, sannan a tabbatar da mita. Tsofaffin adaftocin nan kan nuna fiye da abin da aka rubuta a jikinsu idan ba a jona su da komai ba, wannan ɗabi'arsu ce. Amma idan ana da shakku, gwajin farko a yi shi da batura, domin su ba za su wuce ƙarfinsu ba.

Rami, makunni da fiyus

A cikin ramin adafta akwai wani ɗan ƙarfe da mutane da yawa ba su san da shi ba. Aikinsa shi ne ya yanke batura da zarar an soka adafta, ya mayar da su idan an zare. Idan ya yi tsatsa ko ya saki, sai na'urar ta riƙa aiki da adafta amma ta ƙi aiki da batura, ko da sababbi ne. Ɗigon sifirit da soka kan adafta ana zarewa sau da yawa, ba tare da an jona ta a soket ba, kan warware wannan.

Makunni ma haka. Shekaru na ƙura da danshi kan shimfiɗa datti a kan ƙarafan cikinsa, wuta ta riƙa wucewa da ƙyar. An san Game Boy Advance ta 2001 da wannan ciwo. Fitilarta kan riƙa sauyawa tsakanin kore da ja ko da baturan sababbi ne, ko na'urar ta mutu da an ɗan taɓa makunnin. Idan aka kashe wuta aka ɗora mita a ƙafafunsa, lafiyayyen makunni zai nuna kusan sifiri a ma'aunin turjiya. Idan lambar na tsalle-tsalle, sai a buɗe shi a hankali a goge cikinsa.

Game Boy Color tana da ƙananan fiyus biyu a kan fanel, masu alamar F1 da F2. Mita za ta yi ƙara idan fiyus na da rai, ta yi shiru idan ya tsinke.

A nan ne wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare ke jawo asara, wato haɗe bakin fiyus da waya ko ɗigon dalma. Fiyus ba ya tsinkewa haka kawai. Ko dai an taɓa ba na'urar wutar da ba tata ba, ko kuma akwai inda wuta ta haɗe a gaba. Wanda ya ɗaure shi da waya ya cire mai gadi ne alhali ɓarawo na cikin gida. Abin da ya dace shi ne a auna tsakanin layin wuta da na negatif a ga ko sun haɗe, a gano abin da ya haɗa su, sannan a sa sabon fiyus mai ƙarfi daidai da na da.

Kafasita, ciwon Game Gear

Idan wuta ta wuce duk waɗannan wurare lafiya amma na'urar ta ci gaba da gardama, sai a juya kan kafasita, wadda masu gyaran fanka da rediyo suka fi sani da kwandansa. Aikinta shi ne ta riƙe wuta na ɗan lokaci tana sakinta, domin abin da ke isa ƙwaƙwalwa ya zama mai santsi ba mai rawa ba.

Irin da aka sa a na'urorin nan akwai ruwan sinadari a cikinta. Da tafiyar shekaru ruwan kan bushe ko ya tsiyayo a kan fanel ya ci layukan tagulla. Zafi na hanzarta hakan. Ƙa'idar da injiniyoyi ke aiki da ita ita ce, duk ƙarin maki 10 na zafi a ma'aunin Salsiyos na rage rabin rayuwar irin wannan kafasita. Na'urar da ta shekara a ɗaki mai rufin kwano a lokacin bazara ta fi wadda aka ajiye a wuri mai sanyi saurin tsufa.

Game Gear ce ta fi shahara da wannan. Alamominta sanannu ne: ta kama na daƙiƙa ɗaya ta mutu, ko gilashin ya dushe har sai an karkata shi kafin a ga hoto, ko sauti ya ƙi fita ta lasifika. Idan aka ɗora ƙarfen narkar da dalma a wurin da ruwan ya zuba, wani wari kamar na kifi kan tashi.

Fanel uku ne a cikinta: babba, da na sauti, da na wuta. Na wutar kafasita uku ne a kansa, don haka da shi ake farawa. A auna a ga ko bolt 5 da bolt 34 na fita. Amma masu gyaran wannan na'ura ba sa tsayawa a kan wadda ta mutu kaɗai. Tunda duk sa'annin juna ne, gaba ɗaya ake sauya su, domin wadda ta tsira yau gobe za ta bi sahu.

Wajen sauyawa, a kiyaye abu uku. Girman sabuwar, wato lambar da ke gaban alamar µF, ya zama daidai da na tsohuwar. Ƙarfin bolt ɗin da za ta iya ɗauka ya zama daidai ko sama, kada ya gaza. Sannan kada a juya ƙafafunta, domin tana da fozitif da negatif, kuma idan aka sa ta a baibai tana iya fashewa. Kafin a ɗora sabuwa, a wanke ragowar ruwan tsohuwar tas, a bi layukan da ke kusa da mita a tabbatar bai cinye su ba.

Akwai kuma gargaɗi ga shi kansa mai gyaran. Fitilar bayan gilashin Game Gear 'yar ƙaramar doguwar fitila ce, kuma sashen da ke kunna ta na ɗaga wuta zuwa ɗaruruwan bolt. Kasancewar batura ne ke ciki ba zai hana ta jan mutum ba, don haka a nisanci wurin idan na'urar na kunne.

Atari Lynx: wadda ba a kunnawa da ka

Idan akwai na'urar da ke nuna muhimmancin aunawa kafin kunnawa, to Lynx ce. Sashen daidaita wutarta ya dogara ne da wani taransisto da wani dayod. Idan suka lalace, ba yanke wutar suke yi ba. Sakin ta suke yi ta wuce yadda ta zo, bolt 9 ya faɗa kan kayan da aka ƙera don bolt 5.

Manyan IC biyu na Lynx, waɗanda ake kira Mikey da Suzy, na cikin abin da ke gaban wannan ambaliya. Shi ya sa masu gyaranta da dama ke sauya waɗannan ƙananan kaya tun kafin su lalace, su kuma tabbatar da bolt 5 a mita kafin su sa mata wani abu mai tsada kamar sabon gilashi.

Ba kowane duhu ne matsalar wuta ba

Kafin a kai ga narkar da dalma, akwai abubuwan da ya kamata a kawar. A gefen Game Boy ta asali akwai ɗan gare-garen daidaita hasken hoto. Idan an murɗa shi har ƙarshe, gilashin zai zama kamar babu komai alhali na'urar na aiki. Jar fitilar gefe da ƙarar da take yi a farkon kunnawa su ne shaida.

Idan kuma maimakon sunan Nintendo wani baƙin sanda ne ya sauko, wuta lafiya take, kaset ɗin wasan ne ba ta karantawa, sai a goge bakinsa. Layukan tsaye da ke ɓacewa a gilashi su ma daga igiyar gilashin ne da ta saki. Wanda bai bambance waɗannan ba zai yi ta sauya lafiyayyun kaya, garin neman gira ya rasa ido.

Kayan aikin na nan a kusa

Wanda ke aikin gyaran waya, kamar masu teburi a kasuwar Farm Centre ta Kano, ya riga ya mallaki kusan duk abin da ake buƙata: mita, ƙarfen dalma, sifirit, da akwatin bayar da wuta na kan teburi. Wannan akwati ya fi kowace adafta aminci a gwajin farko, domin ana iya saita bolt ɗinsa, a kuma taƙaita yawan wutar da zai saki. Idan na'urar ta ja wuta da yawa nan take, akwai inda ta haɗe. Idan ba ta ja komai ba, hanya ce ta katse. Idan ta ja ta saki, a duba sashen daidaitawa da kafasita.

Abin da ya bambanta da aikin waya shi ne shekarun fanel ɗin. Layukan tagullar da ruwan kafasita ya jiƙa sun yi laushi, zafi kaɗan ko fizga ɗaya sai su ɗago. Iska mai zafi da ake ciro IC ɗin waya da ita tana iya fasa tsohuwar kafasita ko ta narkar da robar da ke kusa. Ana kuma buƙatar sukundireba ta musamman, domin Nintendo na amfani da kusoshi masu kai mai fiffike uku, Game Gear kuma na da kusa ɗaya ta daban a bayanta.

Yanzu ana sayar da sababbin fanel na wuta masu karɓar cajar USB-C da aka ƙera don waɗannan na'urori, kuma suna da amfani idan na asalin ya wuce gyara. Amma sabon fanel ba zai warkar da makunni mai datti ko layin da ya rube ba, kuma idan akwai inda wuta ta haɗe a gaba, shi ma zai iya ƙonewa.

Ga wanda tasa ke aiki, ko aka gyara masa, kariyar ba ta da tsada. A cire batura duk lokacin da za a ajiye ta fiye da 'yan makonni. A nisanta ta da rana da danshin damina. A ɗaure adaftarta da ita, a rubuta sunan na'urar a jikin adaftar, domin kada wata rana wani yaro a gidan ya ɗauko ta dikoda ya soka mata don kawai kan ya shiga.